Kuɗin bincike na zuwa bakin iyakarmu, amma a aljihun wa?

Masu cewa data ba ta isar su sauraron murya, ga shirin nan a rubuce kamar yadda muka saba. In kun ga wata magana ta zo a karkace ku yi haƙuri, yadda ta fito daga baki haka aka buga ta.

Yau maganar kuɗi za mu yi. Na san kunnuwa sun miƙe. To amma ba kuɗin da ake rabawa a buhu ba ne, maganar tallafin bincike da tallafin karatu ce, irin wanda malaman jami'a da ɗalibai ke nema a gida da waje. Kuma daga Bagudo zan ɗauko ta, don a can abin ya fara damuna.

Shekarun baya, ina zaman jiran a kira ni bautar ƙasa, wani ya yi mini hanya na shiga cikin yaran da ke cike takardun tambayoyi na wani aikin bincike a wajen Lolo. Ba zan faɗi masu aikin ba. Kullum da safe a ba mu takardu, mu bi masunta da manoman fadama muna tambaya, da yamma a ƙirga takarda a biya mu. Ni lokacin murna nake, kuɗi na shigowa. Sai wata rana wani dattijo da ke gyaran komarsa a bakin ruwa ya dube ni ya ce, "Yaro, ku 'yan boko kullum kuna tahowa da takarda, amma ba mu taɓa ganin abin da kunka rubuta ba." Na yi dariya na wuce. Bayan shekara biyu na ci karo da rahoton aikin a intanet. Na duba daga farko har ƙarshe, babu sunan ko ɗaya daga cikinmu, babu sunan wani ɗan yankin. Ni da na san wane gida ne ba a shiga sai an fara gaida maigari, ni da na fassara amsoshin, ko a layin godiya ban fito ba. Wallahi ranar ce na fahimci akwai masu riƙe da tambaya, akwai masu riƙe da biro kawai.

To bari ku ji abin da ke faruwa a tsallaken iyaka, ba nisa da mu. Gaba da Malanbil, a hanyar Karimama cikin Jamhuriyar Benin, akwai wani gari Birnin Lafiya. Daga 2011 zuwa 2015 wata masaniyar kayan tarihi, Anne Haour ta Jami'ar East Anglia a Ingila, ta jagoranci tono a can da kewayen ƙasar Dandi, da kuɗin Majalisar Bincike ta Turai, wato ERC. Malamai da ɗaliban Benin sun yi aikin tare da ita. Sun tono tsohon mazauni mai ɗaruruwan shekaru, har da daɓen da aka jera da ɓallin tukwane, kuma a 2018 littafin aikin ya fito. Irin wannan tallafi na ERC ga matasan masu bincike yana kai Yuro miliyan 1.5 na shekara biyar. Ku juya shi zuwa naira da kanku, ni kaina ba ya ɗauka.

Haka Olivier Walther, masanin labarin ƙasa, ya zauna ya yi nazarin kasuwannin Gaya da Malanbil da Kamba, yadda manyan 'yan kasuwa ke sarrafa iyaka, ya fitar da littafi a 2008. Yau in wani a Turai ko Amurka zai yi rubutu kan kasuwancin iyakarmu, shi zai ambata. Kamba fa! Garin da wasunmu ke zuwa cin kasuwa a kan babur.

Kar wani ya ji kamar ina zagin mutanen nan. A'a, aiki suka yi mai kyau, kuma ba su sace wa kowa komai ba. Abin da nake so mu tambayi kanmu shi ne, me suka rubuta a takarda har aka ba su, mu da muke kwana mu tashi a wurin ba mu rubuta ba?

Amsar da na gano, bayan an ƙi ni sau uku, ita ce: su tambaya suka kai, mu kuka muke kaiwa. Takardata ta farko, da na sake karanta ta daga baya, kunya ta kama ni. Shafi biyu ina bayanin cewa yankinmu talakawa ne, babu hanya, babu wuta, iyayena manoma ne. Duk gaskiya ne. Amma mai ba da tallafin bincike ba zakka yake rabawa ba. Yana da abin da yake son duniya ta sani, yana neman wanda zai iya gano masa. In ka zo masa da talaucinka zai tausaya maka, ya ba wani kuɗin.

Kuma a nan mu raba abu biyu da ake cakuɗawa. Tallafin karatu daban, shi ne a biya maka makaranta da abinci da masauki ka yi digiri na biyu ko na uku. Tallafin bincike daban, shi ne a ba ka kuɗi ka amsa wata tambaya, ka kawo rahoto da rasit. Na NELFUND kuwa da aka fara a 2024 bashi ne, za a biya, kar a sa shi cikin wannan lissafi.

Yanzu mu zo kan abin da muke da shi a hannu, don a nan nake son in daɗe. Ƙaramar hukumar Bagudo kaɗai, in ka iya kallonta, ta ishi mutum goma digiri na uku.

Ɗauki Illo. Lokacin da Ingila da Faransa ke rububin ƙasar Borgu, yarjejeniyar da suka sa wa hannu a watan Yunin 1898 ce ta bar Illo a hannun Ingila, ta bar Nikki a hannun Faransa. Layin nan da aka ja a takarda shi ne yau ya sa wani yana da kawu a Segbana mai katin zaɓen wata ƙasa. Wa ya zauna da tsofaffin Illo ya ɗauki yadda su suke ba da labarin? Ba yadda jami'in Bature ya rubuta a rahotonsa ba, yadda kakanni suka faɗa wa jikoki. Duk tsohon da ya rasu a wannan daminar ya tafi da nasa.

Ɗauki harshen Kyangawa. Harshe ne daga dangin harsunan Mande, ɗan'uwan Busa da Boko da Shanga, kuma masu jin sa sun ragu ƙwarai, yawancin Kyangawa sun koma Hausa ko Dandanci. Akwai wani shiri mai suna ELDP, an fara shi a Landan a 2002, yanzu yana Berlin a Jamus, aikinsa kenan ba da kuɗi a naɗi harsunan da ke shirin ɓacewa, murya da bidiyo. Suna da ƙananan tallafi da manya. Ɗalibin harshe daga Illo ko Kamba wanda kakarsa ke jin Kyanganci, wa ya fi shi cancanta a duniyar nan? Ba wanda zai shiga ɗakin tsohuwar nan ta saki jiki ta yi masa tatsuniya kamar jikanta. Abin da ya rage masa shi ne ya nemi malamin ilimin harsuna ya tsaya masa, ya koyi yadda ake naɗi da adanawa.

Haka takardun ajami da na Larabci da ke cikin gafaka da akwatunan gidajen malamai, gara na ci, ruwan sama na ci. Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya yana da shirin EAP tun 2004, yana ba da kuɗi a ɗauki hoton irin waɗannan takardu, asalin kuma ya zauna a hannun masu shi. An yi irin aikin a arewacin Najeriya. Wannan sharaɗi na cewa takarda ba ta barin gida shi ne abin da za ka fara faɗa wa malam, in ba haka ba ko gafakar ba za ka gani ba.

Sai ruwa. Wanda ya ga ambaliyar 2020 a Kebbi ba ya buƙatar a ba shi labari, shinkafa ta kusa nuna ruwa ya shanye ta. Kogin Neja kafin ya iso mu sai ya bi ta Gini da Mali da Nijar da gefen Benin. Ruwan da ya wuce Yamai yau, yana nan tafe gare mu. To tambaya: labarin tashin ruwa ta wace hanya yake isa ga manomin fadama a Bagudo, ta rediyo, ta waya, ko ta bakin masu kwale-kwale? Kwana nawa yake samu kafin ruwan ya iso? Me yake iya cetowa a waɗannan kwanaki? Kun ji bambanci? Ban ce "illolin ambaliya ga al'ummar jihar Kebbi" ba, irin taken da ke cike da kantocin ɗakunan karatunmu. Na yi tambayar da za a iya amsawa cikin shekara ɗaya, kuma amsar za ta yi wa wani amfani.

Iyakar kanta ma. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023 gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya ta daina aiki yadda aka saba, kaya suka nemi wasu hanyoyi. Kowa a Tsamiya da Lolo zai gaya maka abin da ya faru da farashin shinkafa, da man fetur, da canjin sefa, da 'yan acaɓa. Amma hira ce a majalisa, ba wanda ya bi kasuwa mako-mako ya rubuta. Yarinyar da ke karanta tattalin arziki a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, in ta ɗauki littafi ta rubuta farashin kaya biyar duk ranar kasuwa na wata shida, tana da abin da babu shi a kowace kwamfuta a duniya.

To ina ƙofofin suke?

Ga malaman jami'a da kwaleji da foliteknik na gwamnati, ƙofar farko tana gida: TETFund. Akwai tallafin bincike na cikin makaranta, wanda ake nema ta kwamitin bincike na makarantarka, akwai kuma babban asusun bincike na ƙasa, NRF, inda ake fara tura taƙaitaccen bayani, in ya tsallake a nemi cikakke, sannan a kira ka ka kare shi. Shawarata ga ƙananan malamai, kar ku raina na cikin makarantar. Masu kuɗin waje suna son ganin an taɓa ba ka kaɗan ka riƙe amana, ka fitar da takarda. Da shi ake hawa.

Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya, lokaci ya canza. TETFund ta dakatar da tura sababbin malamai karatu ƙasashen waje daga farkon 2025. A shekarar dai gwamnatin tarayya ta sanar da daina shirin BEA da ke kai ɗalibai ƙasashe irin su Maroko da Rasha da Hungary. A shekarar dai Amurka ta rushe hukumar USAID, ayyuka da yawa suka tsaya cak. Wato wanda ke zaune yana jiran wani babba ya sa sunansa a jeri, jiran ya ƙara tsawo. Abin da ya rage yawanci gasa ce, kai da ɗan Kenya da ɗan Bangladesh a tebur ɗaya.

Na digiri na biyu da aka fi sani: Chevening ta Birtaniya, shekara ɗaya, ana buɗewa a watan Agusta, ana son ka yi aiki na aƙalla shekara biyu, wato awa 2,800, kuma ka dawo gida na shekara biyu bayan gamawa. Commonwealth ita ma ta Birtaniya. Erasmus Mundus ta Tarayyar Turai, inda za ka yi karatu a ƙasa biyu ko fiye, ana ba da Yuro 1,400 a wata, yawanci ana nema tsakanin Oktoba da Janairu. DAAD ta Jamus, wadda har tana da tallafin karatu a cikin Afirka, ba sai ka ƙetare teku ba. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda shi ma yana da nasa. 'Yan'uwana mata masu kimiyya, ku rubuta OWSD ku ajiye, don ku aka yi ta. Waɗannan duk kowa na iya binciko su, ba zan ɓata muku data a kansu ba. Ku dai riƙa duba shafinsu na asali duk shekara, sharuɗɗa na sauyawa.

Wadda nake son 'yan iyaka su riƙe da kyau ita ce WASCAL. Shiri ne na Afirka ta Yamma kan sauyin yanayi, Jamus ke ɗaukar nauyinsa, kuma an rarraba fannoninsa a jami'o'in yankin: na ruwa a Abomey-Calavi ta Benin, na makamashi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, akwai kuma a Minna da Akure. Ga Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero a Kano, wadda ke cikin cibiyoyin da Bankin Duniya ya tallafa, ɗalibai na zuwa mata daga ƙasashen maƙwabta. Ga LASDEL, cibiyar binciken zamantakewa da ke Yamai da Paraku. Waɗannan mutane matsalarmu ita ce matsalarsu, kogi ɗaya muke sha.

Wannan ya kawo ni kan Faransanci. Abin dariya ne a ce ɗalibinmu sai ya tafi Badagry a Legas ya koyi Faransanci, alhali daga ƙofar gidansu yana jiyo rediyon Benin. Masu ba da kuɗi suna matuƙar son aikin da ya haɗa ƙasa biyu, musamman mai Ingilishi da mai Faransanci, don ba kasafai ake samu ba. Ɗan Bagudo mai Hausa da Dandanci ko Fulatanci, ga Ingilishi, in ya ƙara Faransancin da zai iya rubuta wa malami a Jami'ar Paraku wasiƙa, ya zama gadar da ake nema. Ba sai ka zama gwani ba. Ka iya gaisuwa, ka iya faɗin abin da kake bincike, ka iya karanta taƙaitaccen bayani.

Amma a kula, tunda an ambaci Benin. Kun tuna ɗan jaridar nan Umar Audu da ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, har gwamnati ta dakatar da tantance takardun digiri na Benin da Togo a watan Janairun 2024. Daga baya aka fitar da jerin jami'o'in da aka amince da su, Abomey-Calavi da Paraku na ciki. Kar zumuɗin "karatun waje" ya sa mahaifinka ya sayar da shanu ka dawo da takardar da ko bautar ƙasa ba za ta kai ka ba.

Haka masu turo saƙo a WhatsApp wai an zaɓe ka tallafin da ba ka nema ba, ka tura dubu ashirin na rajista. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Chevening da DAAD da Commonwealth ba sa karɓar ko sisi don ka nemi tallafinsu. Kuɗin da za ka kashe na gaskiya su ne na fasfo, na takardar sakamakonka daga jami'a, wani lokaci na jarrabawar Ingilishi irin IELTS. Ita takardar sakamakon nan, don Allah ka nema tun yanzu, tun ba ka ga tallan komai ba. Na san wanda ya rasa dama sukutum saboda takardarsa ta kwana wata uku a kan teburin wani ofis.

In ka zauna rubutu, abin da ya taimake ni shi ne na daina fara wa da tarihin duniya. Layin farko: ga abin da ba a sani ba. Na biyu: ga dalilin da rashin saninsa ke cutar da wani. Na uku: ga yadda zan gano, a wane gari, da mutum nawa, cikin wata nawa. Na huɗu: ga dalilin da ya sa ni ne zan iya. A wannan na huɗun ne Bagudo ke shigowa, ba a matsayin abin tausayi ba, a matsayin ƙarfinka. Sannan kasafi. Kar ka kumbura shi, masu dubawa sun ga dubbai, sun san farashin abin naɗar murya. Kar kuma ka matse shi don a ce kai mai kirki ne. Ka sa kuɗin kwale-kwale, ka sa na babur, ka sa ladan mai yi maka jagora da mai fassara, ka sa kuɗin komawa ka faɗa wa mutanen abin da ka gano da harshensu. Wannan na ƙarshen saboda dattijon nan na Lolo nake sa shi. Masu rubuta maka wasiƙar shaida kuma ka ba su wata guda, ka tura musu abin da ka rubuta, ba ka kira malam daren rufewa kana "Yallaɓai a taimaka" ba.

Kuma in kana amfani da manhajojin nan masu rubuta wa mutum, ka sani masu dubawa sun gaji da ganin takardu masu kama ɗaya. Manhaja ba ta san ranar kasuwar Tsamiya ba.

Akwai wani abu da ke zuwa wanda ya kamata ku shirya masa. Saboda matsalar tsaro a arewacin Benin, wajen gandun dajin W, da kuma namu ɓangaren, jami'o'in Turai da yawa ba sa barin mutanensu su zo yankin nan yanzu. Amma tambayoyinsu ba su ƙare ba, kuɗinsu ma bai ƙare ba. Saboda haka za su neme ku, ku ne za ku shiga inda su ba za su iya ba. Idan imel ɗin ya zo, kafin ka tambayi nawa za a biya, ka tambayi abu uku: sunana zai fito cikin marubuta? Zan iya amfani da bayanan a nawa digirin? In wani abu ya same ni a hanya, wa ke da alhaki? Ka nemi a rubuta amsar, ba a faɗa a waya ba. Kuma duk garin da mutanensa suka ce maka kar ka shiga yau, kar ka shiga, ko da ranar miƙa rahoto gobe ce.

Su ma manyan malamanmu na Birnin Kebbi da Aliero da Zuru da Sakkwato, da girmamawa nake faɗa, in tallafi ya samu a riƙa sa sunan yaran da suka sha rana. Abin da muke kuka da shi daga waje, wani lokaci a gida ma ana yi mana.

Ni dai takardata ta huɗu ce ta shiga, kuma ƙaramin kuɗi ne, bai fi na naɗar hira da sufuri na 'yan watanni ba. Da na koma Lolo da abin da na rubuta, na tarar dattijon ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ɗansa na karanta wa a bakin ruwa, ya gyara mini sunan kifi biyu da na rubuta ba daidai ba.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan kawo muku waccan takardar tawa ta farko da aka ƙi, mu karanta ta layi-layi ku yi mini dariya, sannan mu gyara ta tare. Kafin nan, kowa ya rubuta tambayarsa guda ɗaya, kar ta wuce layi biyu, kuma a ga sunan gari a cikinta. Sai mun haɗu, a gaida mutanen gida.